Gurzuwar cinya a tafiyar ƙasa: yadda ake kauce mata, da abin yi in ta riga ta kama ka

In ana shirin doguwar tafiyar ƙasa kowa lissafin ruwa yake da guzuri da takalmi, wani har da maganin ciwon kai da na sauro, amma da wuya ka ji an ambaci wani abu mai saurin karya ma mutum tafiya a ƙasar nan tamu ta Damagaram, wato gurzuwar fata. Cinya ta yi ta gogar ƴar uwarta har wurin ya saluɓe, ko hammata, ko kafaɗa inda igiyar jaka take zama, ko can tsakanin ɗuwawu wanda shi kam ko gaban aboki ba a iya faɗi. Za ka ga saurayi ƙaƙƙarfa da safe shi ne a gaba yana tsokanar kowa, azahar na yi ya koma baya yana tafiya a tale, duk taku ɗaya sai ya ciji leɓe, in ka tambaye shi ya ce ma ai ƙaya ce ta soke shi. Alhali tun hantsi ya fara jin wurin na ɗumi, kunya ce ta hana shi cewa a tsaya. Ni a ganina kunyar nan ta fi zafin rana yi ma mutane illa a wannan harka, shi ya sa zan yi maganar a buɗe, a yi min haƙuri.

Kuma ba ƴan yawon duwatsu kaɗai abin ya shafa ba. Da ɗaliban jami'a masu fita bayan gari da jaka a ƙarshen mako, da samarin da ke atisaye don neman shiga soja ko jandarma, da mai kora dabbobi zuwa kasuwa, da almajiri mai komawa gida a ƙafa, da wanda gonarshi ke nesa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Me ke kawo ta

Abu uku ne ke haɗuwa, guga da laima da gishiri, mu kuma nan sai ka ƙara na huɗu, rairayi. Ɗauki hanyar Miriya misali, kilomita 18 ce daga Zinder, tafiyar awa huɗu da ɗan wani abu. In takunka santimita 75 ne, ka ga taku 24,000 kenan, kuma kowane taku sai cinya ta shafi cinya ko ɗinkin wando ya shafi fata. Busasshiyar fata mai tsafta tana iya jure wannan. Amma da zarar ta jiƙe da zufa sai ta yi laushi, ta riƙa kama tufa maimakon ta zame, saman fatar ya fara ɗayewa kaɗan kaɗan. A Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, mai tafiya da kaya na iya zubar da zufa lita ɗaya cikin awa guda. Iskarmu kuma busasshiya ce, ruwan zufar ya tafi ya bar gishiri, shi ne farin layin nan da kake gani a bayan riga da bakin wando. Gishirin nan ƙananan ƙwayoyi ne masu kaifi, su ne ke ƙara cin fatar, kuma su ne ke sa wannan raɗaɗin in wurin ya buɗe.

Kowane lokaci da irin tashi matsalar. Bazara zufa da gishiri. Damina, musamman Agusta, zufar ba ta bushewa sam, ga ruwan sama ya jiƙa wando ka ci gaba da tafiya a haka. Kaka kuma ƙarangiya, ta kama ƙafar wando da safa, in ka zauna a ƙasa ta shige inda ba ka zata ba, ko ka cire ta ƴan ƙayoyinta na nan maƙale cikin zaren suna aiki. Hunturu mutane ke rainawa don ba a jin zufa, amma fata ta bushe ta yi furu-furu, ga ƙura, ita ma tana gurzuwa.

Wani abu da ya kamata a sani, a fatarmu ba lallai ka ga ja ba da farko. Wurin zai yi sheƙi ne, ko ya ƙara duhu, ya ɗan tasa, in ka taɓa ka ji ɗumi. Kar ka jira sai ka ga ja, ranar da ka ga ja fata ta riga ta tafi.

Maganar tufafi, nan ne rabin aikin yake

Auduga tana da daɗi a zaune ƙarƙashin bedi, amma a matsematsin mai tafiya ba ta da kirki, tana shan zufa ta riƙe, ta yi nauyi, ta naɗe ta koma igiya a lungun cinya. Abin da kake so a ciki shi ne gajeren wando mai kama jiki, na roba-roba irin wanda ƴan ƙwallo ke sakawa ƙarƙashin wandon wasa, wanda ya sauko har tsakiyar cinya ko kusa da gwiwa. Amfaninshi, tufa ce za ta riƙa gogar tufa, fata ba ta haɗuwa da fata. Ana samu wurin ƴan gwanjo a kasuwar Dole in ka yi haƙurin tonawa. Ka duba ɗinkin ciki da yatsa kafin ka biya, in ka ji ya yi tudu ko kaushi ka aje, ko kuma in ya zama shi kaɗai gare ka to ka juya shi ka sa a bai-bai, ɗinkin ya koma waje, ba mai gani. Kar ya matse har ya shata maka layi a ƙugu, kar kuma ya yi sako-sako yana tattarewa. In ƙafarshi na naɗewa sama tun kana gwadawa a ɗaki, a hanya sai abin da ya ƙaru.

A samanshi ka sa wando mai faɗi mara nauyi, irin namu na gida ma ya yi, iska na shiga. Amma shi kaɗai ba komai a ciki ko da ɗan kamfai, ba ya hana cinya haɗuwa, a nan mutane da yawa ke ruɗuwa su ce ai wandona buje ne me zai same ni. Jins kuwa dan Allah a bar shi gida, ɗinkinshi huɗu ne suka haɗu daidai wurin da bai kamata ba, in ya jiƙe kuma sai ya yini bai bushe ba. Haka sabuwar shadda mai sitaci. Masu zazzago wando su ma su ja shi sama su ɗaure, don in tsakiyar wandon ta sauko, daidai tsokar cinya take goga.

Sabon kaya ko na gwanjo a wanke kafin a sa, a ɗauraye omo sosai har ruwa ya fita garau, don saurar omo in ta haɗu da zufa ita ma cin fata take. Kuma ka gwada kayan a ƴar gajerar tafiya cikin gari, daga Birni zuwa Zango ka dawo, ka ji inda ke taɓa ka. In tafiyar ta kwana ce, gajeren wandon ciki biyu ko uku, ɗaya a jiki ɗaya a wanke a rataye bayan jaka, da ranarmu kafin ka yi nisa ya bushe.

Riga mai ɗan hannu ta fi singileti, don hammata da kafaɗa. Masu ƙiba da masu gudu su kula da kan nono, rigar da ta jiƙe tana gurzar shi har jini, ɗan guntun filasta a kai tun daga gida ya raba gardama.

Ƴan uwa mata, zani ko doguwar riga ba sa hana cinya haɗuwa, a sa kolan, wato dogon wando mai kama jiki, a ciki, mai sauƙi ba mai kauri ba. Rigar mama a zaɓi mara ƙarfe mai faɗin hannu, irin ta motsa jiki, a shafa ɗan mai a ƙarƙashin mama da inda igiyarta ke bi, kuma a lura kar ƙarfen gyaran igiyar ya faɗo daidai ƙarƙashin igiyar jaka. Mai al'ada ta riƙa canza ƙunzugu akai-akai fiye da yadda take yi a gida, gefenshi na gurzar lungun cinya sosai in ya jiƙe.

Mai, hoda, da matsalar rairayi

Basilin shi ne abin da kowa ke iya samu, kowane kanti akwai, ka nemi fari mara ƙamshi. Man kaɗanya ma ya yi ƙwarai, sai dai jiki na shanye shi da wuri, za ka riƙa ƙarawa. Ana shafawa ne kafin a tashi, a kan fata mai tsafta da ta bushe, cikin cinya, lungun matsematsi, tsakanin ɗuwawu, hammata ta baya inda hannu ke shafa, da ƙugu in jakarka mai bel ce. Shafa kaɗan har wurin ya yi santsi, ba a yi dama-dama ba.

To amma ga inda shawarar da ake karantawa ta mutanen ƙasashen sanyi ke gaza mu. Mai yana kama ƙura. In ka lafta basilin a inda iska ke kaiwa, ko ka zauna kan rairayi, ko ka sa hannu mai ƙasa ka ƙara, ka haɗa ma kanka abu kamar dutsen goge faso ka ɗaure a cinya. Don haka mai sai a wurin da tufa ta rufe ruf, kuma duk sanda za ka ƙara sai ka fara goge tsohon da gishirin da ƙurar da ke kai, da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka bari ya sha iska, sannan sabo. Wanda ya shafa sabo kan tsoho zai ji sanyi na minti goma, bayan nan abin ya fi da.

Hoda ni ban cika son ta a bazara ba. Tana taimako in zufa kaɗan ce, a hunturu ko da daddare bayan wanka, amma in zufa ta yi yawa sai ta cure ta yi ƙulalai a lungu, su ma su shiga guga. Kar kuma a haɗa hoda da mai wuri ɗaya. Abin da na fi yarda da shi ga wanda ya san yana da wannan matsala shi ne pomad mai zinc, farin man nan mai kauri da ake shafa ma jarirai in ƙunzugu ya ci musu fata, ka ce ma mai farmasi oxyde de zinc zai gane. Ba ya narkewa da wuri, yana tsare fata daga laima, kuma shi ne dai za ka yi magani da shi in abin ya faru, ka ga guda ɗaya ya yi maka aiki biyu.

Tsarki da aski

Wannan ba za ka ji shi a wurin kowa ba amma mu ya shafe mu kai tsaye. Tsarki da ruwa babban taimako ne, don gurzuwar tsakanin ɗuwawu sau da yawa saurar ƙazanta ce da zufa ke haɗuwa su ci fata, wanda ke wankewa da ruwa ya tsira daga wannan. Sai dai muna gamawa mu ja wando a jiƙe mu kama hanya, sau nawa a yini, kowane lokaci an sake jiƙa wurin kuma an wanke man da aka shafa da safe. Ka riƙe ɗan ƙyalle mai laushi na musamman don wannan, a leda daban, ka tsane jikinka da shi bayan tsarki, ka maida ɗan mai, sannan ka ɗaure zariya. Ƙyallen a wanke shi da sabulu kullum a shanya a rana. Minti ɗaya ne aikin.

Askin gaba kuma, sunna ce kar a wuce kwana 40, to ka daidaita lissafinka kar ya faɗo jajibirin tafiya. Fatar da reza ta bi jiya tana da ƴan ƙananan yanka da ido ba ya gani, bayan kwana biyu uku kuma gashi ya fito tsini-tsini yana sukar cinyar da ke kusa. Ko dai ka yi da kusan mako biyu kafin tafiya, ko ka rage da almakashi ko injin aski ka bar shi gajere. Hammata ma haka.

Jakar baya

Ƙa'idar da masu tafiya da jaka ke bi ita ce kar kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, mai kilo 60 kenan kar ya wuce kilo 12. Nan kuwa ruwa kaɗai zai cinye maka kusan rabi tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ruwa ba abin ragewa ba ne, sai dai ka rage tarkace. Kaya masu nauyi su zauna kusa da bayanka, a matse, kar bidon ya riƙa kai da kawo a ciki. Jakar da ke lilo ita ke cin kafaɗa da ƙugu, ba nauyi kawai ba.

In jakarka mai bel ce, bel ɗin ya hau kan ƙashin ƙugu ya ɗauki mafi yawan nauyin, sannan ka ja igiyoyin kafaɗa daidai, ka ɗaura ta ƙirji. Ka shafa da hannu ka ji me ke ƙarƙashin bel ɗin, ƙullin zariya, kan bel na wando, makulli, laya ga mai ɗaurawa, rigar da ta tattare, duk ƙaramin tudu a nan kafin la'asar ya zama ciwo. Na san yawancinmu jakar ƴan lakwal ce gare mu mara bel, ba laifi, ana iya gyara ta. Ka naɗa ma igiyoyin tsohuwar safa ko ƙyalle mai laushi inda suke hawa kafaɗa, ka haɗa igiyoyin biyu a ƙirji da ƴar igiya don kar su riƙa zamewa suna shiga hammata, ka kuma ɗaure gindin jakar da ƙugunka da rawani ko ɗankwali ta daina jijjiga. Kar ka goya jaka ba riga ko da zafi ya kai ina. In kun huta kar ka yar da ita ta ɓangaren baya kan rairayi, jingina ta, kuma ka kakkaɓe igiyoyin kafin ka maida.

A kan hanya

Ku tashi bayan asuba, ku ci nisa kafin rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 11 ku nemi inuwa har ta karya. Wannan don lafiyarku ne gaba ɗaya, amma fata ma na cin riba, zufa ta ragu.

Sai babbar maganar. Gurzuwa ba ta zuwa bagatatan, tana sallama. Za ka fara jin wuri ɗaya na ɗan ɗumi, ko ɗan yaji-yaji in zufa ta gangaro, ba ciwo ba tukuna. Wannan lokacin ne ake tsayawa, ba a gari na gaba ba, ba sai an kai wancan gawon ba. Ka ce ma abokan tafiya za ka kewaya, ba wanda zai tambaye ka me za ka yi, ka ɗauki buta ka koma bayan dutse ko sabara. Rabin leda ɗaya ta piya wata ta isa. Ka zuba ka wanke gishirin, ka tsane da ƙyalle ta hanyar dannawa ba gogewa ba, ka tsaya iska ta bi wurin ɗan lokaci, ka duba me ke gogar, ɗinki ne, ƙarangiya ce, wando ne ya naɗe, ka gyara, ka shafa mai, in wandon ciki ya jiƙe sharkaf ka canza. Na san a Zinder ba a wasa da ruwa, mun taso muna ganin layin bidon a bakin famfo, mutum na jin nauyin zuba ruwan sha a cinya. Amma kofi ɗaya a wannan lokaci ya fi maka amfani da bokiti guda da daddare.

Wanda ke jagorantar tafiya, musamman in akwai yara ko sabbin shiga, nauyin nan a kanka yake. Su ba za su faɗa ba. Ka faɗi maganar da bakinka tun kafin a tashi kowa ya ji, ka aje robar basilin inda kowa zai iya ɗauka ba sai ya roƙa ba, a riƙa ɗiba da tsinke mai tsafta ko a zuba ma kowa nashi a ƴar leda, kuma ka riƙa waiwaye kana kallon tafiyar mutane. Wanda ya fara buɗe ƙafa ko yana yawan gyara wando, ka tsayar da ayarin da sunan hutu, kar ka kira sunanshi.

Alhazai ma su riƙe wannan, don namiji cikin harami ba wandon ciki, ga ɗawafi ga Safa da Marwa da ya haura kilomita 3 ga tafiyar Mina, gurzuwar cinya na wahalar da mutane da yawa a can. Sai dai shafa mai cikin harami yana da hukunci, a tambayi malami tun a gida.

In ta riga ta kama ka

Da kun sauka, kafin abinci kafin hira, ka wanke wurin da ruwa mai tsafta, na leda ko wanda aka tafasa ya huce. Ba ruwan tabki ba, ko da kun sauka bakin tabkin Gidimuni yana ta sheƙi yana kiranka, buɗaɗɗiyar fata da ruwan kwance ba sa shiri, ga kuma tsargiya. Sabulu mara ƙamshi kaɗan, da tafin hannu, ba soso. Zai yi zafi, ka daure, gishirin ne ke fita. Ka tsane a hankali, ka ɗaura zani sako-sako ba komai a ciki ka bar wurin ya bushe sosai, sannan ka shafa pomad mai zinc, in babu basilin ko man kaɗanya mai tsafta. Ka kwana a haka da ƙafa a ɗan buɗe, a kan tabarma ba kan rairayi ba. In raɗaɗi ya hana barci parasitamol ya isa. Wadda ba ta yi zurfi ba za ka ji sauƙi da safe, cikin kwana biyu uku ta lafa, wadda ta saluɓe sosai tana iya kai mako.

In fata ta buɗe tana ruwa, bayan wankewa ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta mara alkol, irin Bétadine ko chlorhexidine na ruwa, ka shafa basilin a jikin kwampires, wato ƙyallen rufe ciwo na farmasi, ka rufe don kar ya manne, ka riƙe da filasta a kan lafiyayyar fata. Kar ka ɗora auduga kai tsaye, zarenta na maƙalewa cikin ciwon, cirewa sabon ciwo ne.

Abubuwan da ba a sawa, kuma wallahi ana sawa: alkol, turare, man zafi, makilin, lemun tsami, toka, kanwa, jabel, man birki. Ana cewa wai zafin shi ne alamar yana aiki. Ƙona fatar kawai yake, ya maida ciwon kwana biyu na sati biyu. Sannan tub ɗin nan da masu tallar magani ke miƙo ma duk wanda ya ce ƙaiƙayi, ka karanta jikinshi, in ka ga betamethasone ko clobetasol ka maida. Suna kwantar da abu da sauri shi ya sa ake son su, amma suna sirantar da fata, fatar matsematsi kuwa dama siririya ce, kuma in naman gwari ne ke damunka, wato ƙwayar cutar da ke kawo makero, ƙara mishi ƙarfi suke ya bazu.

Don ba kowane ciwon matsematsi ne gurzuwa ba. Gurzuwa raɗaɗi take, tana daidai inda aka goga, in ka huta ta tafi. Wanda ya fi ƙaiƙayi, yana da baki zagaye mai ɗan tudu da ɓawo-ɓawo, yana faɗaɗa a hankali, ka huta mako bai tafi ba, wannan dangin makero ne, basilin ba ya mishi komai. Shi clotrimazole ko miconazole ake shafawa safe da yamma, mako biyu zuwa huɗu, kuma ba a dainawa ranar da ƙaiƙayi ya tsaya. Sau da yawa daga tsakanin yatsun ƙafa yake hawowa, don haka a yi maganin ƙafar tare, a riƙa sa safa kafin a zura wandon ciki, tawul kuma kowa da nashi.

Washegari in dole sai an ci gaba, ka wanke, ka lafta zinc da kauri wannan karon, ka sa busasshen wando mai kama jiki, ka rage kaya ka rage nisa, duk hutu ka duba. In kafaɗa ce ko ƙugu, ka rufe wurin da kwampires da filasta mai faɗi ka sassauta igiyar ta canza mazauni. Amma in ka ga kumburi na bazuwa, wurin ya yi zafi rau yana zogi, ko mugunya da wari, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi, tafiya ta ƙare, ka hau kabu-kabu ko motar kasuwa zuwa ƙaramin asibiti, CSI, mafi kusa, in abin ya yi tsanani a wuce da kai babban asibitin Zinder. Kar ka sayi kafso a tebur ka haɗiya biyu ka ce ka yi magani, a bar ma'aikacin lafiya ya gani da idonshi ko da wurin na kunya ne, sun saba gani. Mai ciwon suga kuwa kar ya jira waɗannan alamun ma, da fata ta buɗe ya je a duba, don nashi ciwon na saurin ruɓewa kuma ba lallai ya ji zafin da zai gargaɗe shi ba.